Dillali Ya Ɓoye Mini Ɗan Haya, Ya Kuma Ƙara Kuɗin Shago

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sa wani dillali ya nemo mini shagon da zan saya a gefen Kantin Kwari, Kano. Ya ce mai shi ya sallama a naira miliyan 30, na biya, na ba shi la'adarsa. Da na je karɓar makulli sai na tarar da ɗan haya ya baje yadinsa, ya nuna mini rasit na hayar shekara 2. Daga baya mai shagon ya ce miliyan 27 aka kai masa. Mene ne haƙƙina?

AMSA: Wa alaikumus salam. Dillanci halas ne. Bukhari ya kawo cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba. Sai dai matsalarka biyu ce, kada ka cakuɗa su.

Miliyan 3 ɗin nan taka ce. Kai ka aike shi, ya zama wakilinka, wakili kuwa amintacce ne, duk ragin da ya samo na wanda ya aike shi ne. Na san hujjar da dillalai ke kawowa, maganar Ibnu Abbas cewa ba laifi mutum ya ce, "Sayar da tufan nan, abin da ya haura kaza naka ne." To, wannan mai kaya ne ya yarda da bakinsa, kuma Imamu Malik ma bai yarda da irin wannan lada ba, tunda ba a san adadinsa ba. Shi dillalin naka ƙarya ya yi maka a kan farashi. Annabi (SAW) ya ce, "Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu," Muslim ya ruwaito. Idan har ya san da ɗan hayar ya yi shiru, la'adar ma bai cancance ta ba.

Shi ɗan haya ba ruwansa. Sayar da shago ba ya warware hayar da ta riga ciniki, don haka ba ka da ikon watso masa kaya waje. Mai shagon za ka riƙe. Tunda an ɓoye maka, kana da zaɓi: ka mayar da shagon ka karɓi kuɗinka, ko ka riƙe shi ku daidaita a kan kuɗin hayar da ta rage.

A nan mutane ke yin asara. A wurin malamanmu na Malikiyya, wanda ya ga aibi sannan ya yi abin da ke nuna ya yarda, kamar ya sa shagon a kasuwa, ko ya yi shiru mai tsawo ba uzuri, zaɓinsa ya faɗi. Saboda haka ka sanar da mai shagon yau, a rubuce, gaban shaidu 2.

Ka fara da sulhu wajen shugabannin kasuwa ko Hisbah. In abin ya faskara, ka kai ƙara kotun shari'ar Musulunci. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, don haka ka adana takardar ciniki da shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin WhatsApp. Ka kuma sa lauya ya duba takardun shagon, domin dokar filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin mallakar fili mai takardar gwamnati ta koma hannun wani.

Wallahu a'alam.