Bayan dashen ƙoda: waya ta isa, ko sai an ga likita ido da ido?

Wata uwa daga Tibiri: An yi wa ɗana dashen ƙoda a Kano bara. Yana kallon bidiyon bayanin magani a waya, ya ce ya gane komai, zuwa asibiti ɓarnar kuɗin mota ce. Da gaskiyarsa?

Hajiya, ki bar shi ya ci gaba da kallo, ya kuma sa wa wayar ƙararrawa. Tacrolimus, maganin da ke hana jiki yaƙar sabuwar ƙoda, yawanci sau biyu ake shan sa a rana, awa 12 tsakani, kuma a wajen tuna lokaci waya ta fi mu duka. Sai dai waya ba ta ɗibar jini. Sau da yawa jiki kan fara ƙin ƙodar a ɓoye, yaro na cin tuwonsa lafiya lau, awon creatinine, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ne zai nuna. Shi ma tacrolimus ɗin ana auna yawansa a jini da safe, kafin a sha na ranar.

Akwai kuma abin da sai an zauna ake ji. Ni nakan ce mara lafiya ya zo da ledar magungunansa duka, ya zube su a teburi, ya nuna mini yadda yake sha. A nan ne saurayi zai sunkuyar da kai ya ce ya rage prednisolone, wani maganin hana jiki ƙin ƙodar, don yana kumbura masa fuska, ko hannunsa na rawa, ko kuɗin wata ne bai kai ba. Matasa sun fi kowa tsallake magani, kuma ba su rubuta irin wannan a WhatsApp. Ki raka shi da kanki.

Wani magidanci daga Tasawa: Na manta shan tacrolimus na dare sai da gari ya waye. In haɗa biyu?

A'a, Malam. Ka sha na safe kawai, yadda ka saba, ka sanar da likitanka. Ninkawa na iya yi wa ƙodar illa.

Wata matar aure daga unguwar Zariya, Maradi: Maigidana, mai dashen ƙoda, na fama da tari da ciwon jiki. Mu sayi magani a shago?

Kada ku saya, ƴar'uwa. Diclofenac da ibuprofen, magungunan ciwon jiki waɗanda masu tallan magani ke miƙa wa kowa, suna cutar da ƙoda. Jiƙe-jiƙe ma a ajiye su, don babu mai iya faɗa miki abin da ke ciki. Wanda ke shan maganin rage garkuwar jiki, tarinsa ko zazzaɓinsa ba a kwana da shi a gida. Idan awo ya nuna tarin fuka ne, ku gaya musu tun a bakin ƙofa cewa yana da dashe, domin rifampicin, maganin tarin fuka, yana rage tacrolimus a jini sosai, dole likitan ƙoda ya sake lissafin adadin da zai riƙa sha.