Amsa ga mai tambaya kan ba jariri Flagyl idan ya yi zawo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki wata 4, duk sanda kashinsa ya yi ruwa sai kakarsa ta aika kemis a sayo Flagyl a "wanke masa ciki", kina tambaya ko da illa. Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren yara, kuma gaskiya akwai.

Hanjin jariri ba wurin da ake son a wanke tas ba ne. Tun daga haihuwa ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke shiga su zauna a ciki, kuma su ne malaman garkuwar jikinsa. Masana sun raini ɓeraye a wurin da ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga, sai aka tarar sassan garkuwa na bangon hanjinsu sun tsumbure, sinadarin kariya na IgA ma ya yi ƙaranci. A 2011 masu bincike a Japan, ƙarƙashin Kenya Honda, suka nuna wasu bakteriya dangin Clostridium na sa babban hanji ya ƙara samar da ƙwayoyin garkuwa da ake kira Treg. Aikin waɗannan shi ne kwantar da tarzoma, su hana jiki far wa abinci ko far wa kansa. To Flagyl bakteriya marasa son iska yake kashewa, kuma dangin Clostridium ɗin nan suna cikinsu.

Ga shi zawon jarirai yawanci bairos ne, musamman rota, wanda Flagyl ba ya taɓawa ko kaɗan. Kashin ɗan da ke shan nono zalla kuwa dama ruwa-ruwa yake, iyaye da dama zawo suke ɗaukarsa.

Ki dage da nono zalla har wata 6. A cikinsa akwai wani irin sukari da yaron ba ya iya narkarwa, abincin Bifidobacterium ne, wata bakteriya mai amfani wadda ke cika hanjin mai shan mama. Ikon Allah ke nan.

In zawon gaske ne, a ƙara shayarwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, da zinc kwana 10 zuwa 14. Ki duba katinsa ko ya samu rigakafin rota, tun 2022 ake bayarwa a Najeriya. Jini a kashi, zazzaɓi, ƙin kama nono ko faɗawar maɗiga, wannan sai asibiti nan take, kuma idan likita ya rubuta magani a sha shi har ƙarshe.

Ita kuwa Hajiya kakarsa, ki bi ta a hankali, ko ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin ma'aikata.