Shin roƙon waliyyai bauta wa matattu ne?

Tambaya: Ni 'yar Katolika ce, ina zaune a Sabon Tasha, Kaduna. Maƙwabciyata ta ga hoton Waliyyiya Monika a falona, sai ta ce wai matattu muke bauta wa. Na rasa bakin magana. Me Coci ke koyarwa, kuma ta yaya zan riƙa tafiya da waliyyai a rayuwar yau da kullum?

Amsa: Sannu 'yar'uwa. Amsarki tana cikin kalmar da kike furtawa a Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, wato zumuntar tsarkaka. Idan ɗanki ya kwanta ciwo, kikan ce wa matan zumunta su sa shi a addu'a, kuma ba wanda zai ce kin bauta musu. Haka muke yi da waliyyai. 'Yan'uwanmu ne da suka riga mu isa gaban Allah, kuma a raye suke, domin Yesu ya ce Allah na masu rai ne (Markus 12:27). Ru'ya ta Yohanna 5:8 ta nuna dattawan sama riƙe da tasoshin turare, waɗanda su ne addu'o'in tsarkaka.

Sujada ta Allah ce shi kaɗai, matsakanci kuma ɗaya ne, Yesu Kiristi (1 Timoti 2:5). Shi ya sa a jerin roƙon waliyyai muke ce wa Allah "ka ji tausayinmu", su kuwa mu ce "ku yi addu'a dominmu". Batun hoto kuma, taron bishop-bishop na Nikiya na shekarar 787 ya yanke cewa girman da aka ba hoto yana komawa ga mai hoton ne.

A aikace, ki fara da sunan baftismarki. Ki tambayi Fada ko katikis tarihin mai sunan da ranar idinsa. Ki zaɓi hali guda daga rayuwarsa, ki yi wata ɗaya kina gwada shi. Tunda Monika ce a falonki, kin samu abokiyar tafiya ta gari. 'Yar Arewacin Afirka ce, ta shafe shekaru tana kuka gaban Allah saboda ɗanta Agustin, har ya karɓi baftisma a 387. Idinta 27 ga Agusta ne. In za ki yi mata nobena, wato addu'ar kwana 9 a jere, ki fara ranar 18 ki kammala ranar 26. Ki tsayar da lokaci guda, ki ambaci buƙatarki da suna, ki haɗa da addu'ar Ubanmu da ta A Gaishe Ki Maryamu, sannan ki je Misa ranar idin.

Mai juna biyu tana da Waliyyi Gerard, wanda asibitin Katolika na Kakuri ke ɗauke da sunansa, idinsa 16 ga Oktoba. Ma'aikaci yana da Yusufu kafinta, 1 ga Mayu. Muna ma da namu na gida, Mai Albarka Fada Tansi, 20 ga Janairu.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne mai da abin laya. Ɗan ƙarfen nan mai hoton waliyyi da Fada ya sa wa albarka abin tuni ne, ba shi da wani iko na kansa. Wanda ya rataya shi ya bar Misa da furta zunubi ya yaudari kansa. Haka saƙonnin WhatsApp masu cewa a tura wa mutum 10 ko masifa ta faɗo, camfi ne, Coci ba ta san da su ba, ki goge su. In kin tsallake rana ɗaya a nobena, kada hankalinki ya tashi, ki ci gaba daga inda kika tsaya. In kuma kwana 9 sun cika shiru, ba a yi ciniki da Allah ba balle a ce ya saɓa alkawari, ki sake wata.

Ita kuwa maƙwabciyarki, kada ki ja da ita. Ki zaunar da ita, ki ba ta labarin Monika, ki tambaye ta ko akwai yaron da take so ku haɗu ku yi wa addu'a.