Amsar Gwaggo kan Camfin Nas-Nas a Lokacin Biki

'Yata,

Saƙonki ya iso, har sau biyu na karanta shi. Kin ce an sa ki aikin dare a makon ƙarshen shekara, manyanki a wurin aiki kuma sun cika miki kunne: wai lokacin biki mutuwa ta fi yawa, wai in ta ɗauki mutum ɗaya sai ta cika uku, wai majinyaci yakan riƙe ransa har biki ya wuce. Kina son ki ji gaskiya ne ko camfi, kuma ko ke ma sai kin bi.

Da wannan aka tarbe ni ranar da na fara aiki. Sistar da ta koya mini aikin, Allah ya jiƙanta, ba a isa a ce "yau shiru" a gabanta ba, sai ta watsa wa mutum harara, wai ya kira aiki da bakinsa. In jikin wani ya yi tsanani, takan ƙulle gefen zanin gadonsa don ya kai safiya. In an yi rasuwa kuwa, ta buɗe taga. Mace ce da ta san aikinta kamar yunwar cikinta, amma ƙullin nan ba ta taɓa barinsa ba.

Maganar uku-uku kada ta hana ki barci. Lissafi ne da mu muke yi wa kanmu. In biyu sun rasu sai a zuba ido, ko bayan kwana biyar na ukun ya zo a ce ai ga shi nan. In sun kai huɗu, a ce sabon zagaye aka fara.

Yawan mutuwa a kwanakin biki kuwa, nan tsofaffin suna da gaskiya. A 2004 wani masani a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, David Phillips, shi da abokan aikinsa sun bi takardun mutuwa na Amurka daga 1973 zuwa 2001. Sun gano cewa masu rasuwa da ciwon zuciya kafin a iso da su asibiti, ko a ɗakin gaggawa, sun fi yawa a ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Aka ce ai sanyi ne. To a Niyu Zilan Disamba lokacin zafi ne, duk da haka binciken da aka fitar a 2016 ya nuna ƙarin kusan kashi 4 cikin 100 na mutuwar ciwon zuciya a wajen asibiti tsakanin 25 ga Disamba da 7 ga Janairu. A Suwidin ma, binciken 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ƙaruwa da kashi 37 cikin 100 ranar 24 ga Disamba, ranar da suke babban taronsu na iyali, abin ya fi ƙamari wajen ƙarfe goma na dare.

Dalilan kuwa ke ma za ki gan su da idonki. Mutane sun yi tafiya sun bar likitansu, wani ya manta maganin hawan jini a gida, an ci mai gishiri da maiƙo fiye da kima, masu shan giya sun ƙara, ga rashin barci, ga tsohuwar rigimar dangi da takan tashi in an haɗu. A asibiti kuma ma'aikata sun ragu. Babba cikin dalilan, a ganina, shi ne jinkirin zuwa asibiti. Ban manta wani dattijo da aka kawo mana da asuba ba, sanye da sabuwar riga, karin guga bai ma baje ba, gumi ya jiƙe ta sharkaf. Kwana biyu ƙirjinsa yana masa nauyi. Ɗansa yana kuka yana cewa, "Ya ce kada a ɓata wa mutane taro, a bari baƙi su watse." Bai kai hantsi ba.

Wadda nake so ki fi kiyayewa ita ce magana ta uku, wato wai majinyaci yakan riƙe ransa har biki ya wuce, don ita ce mai daɗin ji. Kowace nas tana da labarin tsohuwar da ta jira jikanta ya iso sannan ta cika. Ni ma ina da nawa, kuma ba na ƙaryata abin da na gani. Sai dai waɗanda suka jira muke tunawa, waɗanda suka tafi ana saura kwana ɗaya ba wanda yake ba da labarinsu. A 2004 ɗin dai, masu bincike a jihar Ohayo sun duba mutum fiye da 300,000 da ciwon daji ya yi ajalinsu daga 1989 zuwa 2000, suka kwatanta makon da ke gaban Kirsimeti da ranar haihuwar mutum da makon da ke bayansu. Ba su ga alamar cewa mutane suna ɗage mutuwa don biki ba.

Da bakina wannan magana ta cuci wata. Akwai wata uwa da ta daɗe a gadonmu, kwana uku ba ta ci ba ta magana. Ana jibi biki sai ta buɗe ido, ta nemi ruwa, ta kira sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, har ta ce a gyara mata ɗankwali. 'Yarta da ke nesa ta bugo waya tana tambaya ko ta taso a daren. Na ce mata, "Kwantar da hankalinki, Mama ta ji sauƙi, biki take jira." Washegari da la'asar ta cika, 'yar tana hanya. Da ta iso ba ta ce mini komai ba, ta dai tsaya tana kallon gadon da aka riga aka canza wa zani. Shekaru nawa ke nan, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Daga baya na fahimci irin wannan farfaɗowa ta kwatsam ga wanda ya yi nisa sau da yawa alamar kusantowar lokaci ce. Ajali na Allah ne, ba ni da ikon ƙara mata ko numfashi ɗaya, amma da na ce "taso yanzu", da 'yar ta riski mahaifiyarta da rai.

Kada ki yi wa manyanki dariya, kada kuma ki tsaya musu da su a gaban gado. Wanda ya shekara talatin yana rufe idon mamata yana bukatar abin da zai riƙe, ƙullin zani kuma bai taɓa cutar da kowa ba. Ke dai kada ki ɗora shawararki a kansa. Kafin ki karɓi aiki ki san wane likita ne ke kan kira, ki gwada lambarsa tun da sauran haske. Ki duba tukunyar iskar numfashi da kanki. Wanda ya matsa a sallame shi don ya yi biki a gida, ki tabbata ya tafi da maganinsa, ki kuma gaya wa iyalinsa alamun da in sun gani su dawo da shi ko tsakar dare ne. Dangi in sun tambaye ki ko su zo yau ko su bari sai gobe, ki ce yau.

Ki tafi da rigar sanyi, ki ci abinci kafin ki fita. In kin sauko da safe ki kira ni, ko ba abin da ya faru. Allah ya yi miki albarka, ya ba marasa lafiyarku sauƙi.

Gwaggonki