Tifa nawa za ta isa? Amsa ga mai sana'ar shuke-shuke

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da furanni da dashen itatuwa ne a bakin titi a Kano. Bara na karɓi aikin lambun wani gida, na dubi filin da ido na ce tifa biyu ta ƙasa za ta isa. Sai da aka sauke huɗu, biyun daga aljihuna, domin mun riga mun yi jinga. Yanzu wata Hajiya ta kira ni. Tana son ciyawar ado a bayan gida, fili mita 12 da mita 8, da fangalin furanni a jikin katanga mai tsawon mita 18 da faɗin mita ɗaya, da itatuwa 12. Ta kuma ce a lulluɓe gindin shukar da wani abu don a rage ban ruwa. Yaya zan ƙiyasta ƙasa da taki kafin in yanka mata farashi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa bara. Na ji daɗi da wannan karon ka zo da awo a hannu, amma ka lura da abin da ka kawo: tsawo da faɗi kawai. Ba ka faɗi zurfi ba, kuma ina kyautata zaton nan ne kuɗinka suka zurare a wancan aikin. Ido yana ganin shimfiɗar fili, ba ya ganin kaurin ƙasar da za a zuba a kai, alhali shi wannan kaurin ne ake saye da kuɗi.

Ka riƙe ma'auni guda a kanka. Ka ɗauka akwai akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Cikinsa shi ne abin da magina ke kira kubik ɗaya, kuma lita 1,000 yake ci. Duk lissafin da za mu yi, tsawo sau faɗi sau zurfi ne, a mita, amsar kuma kubik ce. In mai gida ya ba ka awo da ƙafa, ƙafa 10 kusan mita 3 ce, inci 4 kuma kusan santimita 10.

Filin ciyawar Hajiya, 12 sau 8, murabba'in mita 96 ne. In za ka zuba ƙasa mai kaurin santimita 10, sai ka buga 96 sau 0.10 a wayarka, ka samu kubik 9.6. In kuwa santimita 15 za ka zuba, lissafin ya koma 14.4. Dubi tazarar: kaurin da bai wuce yatsu uku ba ya ƙara kusan kubik biyar, wato abin da zai cika tifa guda. Saboda haka kada ka yarda maganar zurfi ta tsaya a kan "a zuba daidai misali". Ka je gidan da fartanya ko diga, ka haƙa wurare uku ko huɗu. In ka tarar da ƙasa mai rai a ƙarƙashi, santimita 10 ta wadatar da ciyawa. In kuwa ka ci karo da marmara da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti, abin da aka saba gani ke nan a sabon gini, to sai an ƙara kauri, wani lokacin ma sai an kwashe tarkacen tukuna, kwasar kuma aiki ne mai kuɗinsa daban. Ka nuna wa Hajiya ramin da idonta. Mutum ya fi saurin yarda da farashi in ya ga dalilinsa a ƙasa.

A ce dai ƙasar gidan mai kyau ce, mun tsaya a kan 9.6. Fangalin furanni yana son zurfi fiye da ciyawa, mu ba shi santimita 30. Ke nan 18 sau 1 sau 0.30, kubik 5.4. Ni ina son a haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, wato ƙasa 3.6, taki 1.8. Ramin itace kuma, in ka yi shi santimita 60 ta kowace fuska, yana cin lita 216, guda 12 kusan kubik 2.6. Amma a nan ba sai ka sayi duka ba. Ƙasar saman da ka haƙo ka tara ta gefe guda, ita za ka mayar da rabin ramin, sauran rabin taki ne, kubik 1.3. In ka tattara, ƙasa ta kama 13.2, taki 3.1.

Kada ka tsaya a nan. Ƙasar da tifa ta juye a sake take, cike da iska. Da ta sha ruwa sau biyu ko uku, aka tattaka ta, sai ta kwanta, ka ga bakin fangalin da ka cika jiya ya yi ƙasa. Ga wadda ke zubewa a hanya, ga wadda ke maƙalewa a ƙofar gida. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan lissafinka: ƙasa ta zama kubik 16, taki kusan 4. In takin juji za ka saya, ƙarin ya fi haka, domin in ka tankaɗe leda da kwalba da tsumma, tarin da ya rage zai ba ka mamaki.

Yanzu sai maganar tifa, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. "Tifa ɗaya" ba ma'auni ba ce. Akwai babba, akwai ƙarama, akwai wadda aka ƙara wa katako a gefe, duk kuma sunansu tifa. Ka tafi inda suke tsayawa da abin awonka, ka gaisa da direba, ka nemi izini ka auna cikin bodin. A ce ka samu tsawo mita 4, faɗi 2.2, zurfi 0.6. Wannan kubik 5.3 ce, sawu uku ya gama maka ƙasar aikin nan. Wata kuma ka auna ka samu 3.5 da 2 da 0.5, kubik 3.5 ke nan, sai ta yi sawu biyar. Mai ƙaramar zai iya faɗa maka kuɗin da ya fi sauƙi a kunne, amma ka raba kuɗin kowace da yawan kubik ɗinta, nan za ka ga wadda ta fi araha da gaske. Ranar da aka kawo kaya kuma, ka hau ka leƙa kafin a juye. Na sha ganin lodin da aka tsira masa tozo a tsakiya, daga nesa kamar ya cika ya batse, kusurwoyi huɗun kuwa wayam. Da an juye a ƙasa, ba ka da sauran hujja.

Tun da ka hau, ka damƙi ƙasar ma. Ka ɗan jiƙa ta, ka dunƙule a tafin hannu. In ta ƙi haɗuwa sam, yashi ya yi yawa, ruwa zai riƙa wucewa kamar an zuba a rariya. In ta dunƙule ta yi santsi kamar ta ginin tukunya, laka ce, za ta daskare ta tsattsage da rani. Wadda kake nema ita ce mai dunƙulewa, da ka taɓa ta da yatsa kuma ta warwatse. Jar ƙasar ciko ta magina ba ta shuka ba ce, ko da kyauta aka ba ka. Ka kuma duba ko akwai 'ya'yan aya-aya a ciki, domin in ta shiga lambu, kai za a riƙa kira har shekara ta zagayo.

Akwai kuɗin da masu sana'arku suka fi mantawa da shi, shi ne na kwasa. Tifa a ƙofar gida take juyewa, lambun kuma yana baya. Ka auna baronka da bokitin fenti mai lita 20. In ya ci bokiti uku, lita 60 ke nan, kubik ɗaya sawu 17. Ƙasa da takin aikin nan kubik 20 ne, sama da sawu 330 na baro, ta lungun da wataƙila mutum ɗaya ne ke iya wucewa, a kan daɓen da Hajiya ba ta son a ɓata. Ka tsaya ka ƙirga minti nawa sawu ɗaya yake ci, daga lodi zuwa dawowa, za ka san lebura nawa kake buƙata da kwana nawa. Wannan kuɗin ya shiga takarda da sunansa, haka ma kuɗin ruwa in gidan ba rijiyar burtsatse, sai an kira 'yan garuwa.

Lulluɓin da ta nema lissafinsa mai sauƙi ne. Kowane santimita ɗaya na kauri a kan murabba'in mita ɗaya lita 10 ne. Kaurin santimita 5 ya isa, lita 50 ke nan a kowane murabba'in mita. Fangali zai ci lita 900, kewayen itatuwan 12, in ka yi wa kowanne da'ira mai faɗin mita ɗaya, kusan lita 470, jimilla wajen 1,400. In buhunka yana cin bokiti biyar, buhu 14 kake nema. Ɓuntun shinkafa yana samuwa a injinan casa, ga ɓawon gyaɗa, ga busasshiyar ciyawa. Ɓuntu ba shi da nauyi, iskar hunturu tana kwashe shi, don haka ka jiƙa shi sosai da ka shimfiɗa. Garin katako ɗanye a bar shi a sama kawai, in aka cuɗa shi cikin ƙasa ganye zai yi rawaya. Kowanne ka zaɓa, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itace, saboda gara da ruɓewar gindi. Ka kuma gaya mata tun yanzu cewa lulluɓi yana ƙarewa, sai an sabunta kafin zafin bazara. Wannan gaskiya ce da ta kamata ta sani, kuma kai ma ciniki ne da zai dawo maka.

Game da farashi, shawarata ita ce kada ka sake yin jinga dunƙule. Ka rubuta kaya daban, aiki daban: ƙasa kubik kaza a kaurin santimita 10, taki kaza, ɓuntu buhu kaza, kwasa, ruwa, dashe, sannan ladan hannunka. Ribarka a kan jimillar nan za ka ɗora ta, kada ka sa rai da abin da zai rage in an yi tsimi. Ka rubuta cewa farashin na mako ɗaya ne, domin kuɗin tifa yana bin kuɗin dizal, da damina kuma hanyar wurin ɗiban ƙasa takan lalace, kaya ya yi tsada. Ka karɓi kafin alƙalami da zai biya ƙasa da taki gaba ɗaya, kada jarin rumfarka ya tafi ya kwanta a lambun wani. In ana cikin aiki ta ce a faɗaɗa fangali ko a ƙara itace, ka ce "to, Hajiya", ka ɗauko abin awo a gabanta, ka rubuta ƙarin a ƙasan takardar kafin a ɗaga shebur.

Ranar da za a fara zuba ƙasa, ka yanko turaku kamar goma, ka auna santimita 12 daga inda za su shiga ƙasa ka ɗaura tsumma, ka kakkafa su a filin ciyawar. Ka ce wa yaranka a zuba har tsumma, kada a wuce, kada a gaza. Bayan ban ruwa za ta kwanta ta dawo kusan 10 ɗin da ka rubuta wa Hajiya.