Rage zafi a tsohon gidan SIC ba tare da ɓata fasalinsa ba

Malam, ka ce kana zaune a tsohon gidan SIC (kamfanin gine-ginen gidaje na gwamnatin Kamaru) a Garwa, kana so ka toshe baranda da kuma ramukan iska na bulon bango, ka sa na'urar sanyaya ɗaki. Kada ka toshe su. Fara da rufi, don yawancin zafin ta kwano yake sauka, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. A wanke kwanon, a kankare tsatsa, a shafa farin fenti sau biyu. Bisa silin a shimfiɗa audugar gilashi (abin hana zafi ratsawa) mai kaurin santimita 10, a bar sarari tsakaninta da kwano, a buɗe kafofi a gefe biyu iska ta ratsa. A sa musu raga, in ba haka ba jemagu su tare.

Barandar ita ke hana rana dukan bango, ramukan kuma su fitar da zafi da dare. In ka rufe su, zafi zai taru a gidan, ka dogara da na'urar, kuɗin wuta ya hau. Sharaɗi ɗaya: in rufin na asbestos ne (allon siminti da aka haɗa da zaren ma'adini), kada a yanka ko a goge shi, ƙurarsa tana cutar da huhu. In haya kake, nemi izini a rubuce tukuna.