Amsoshin Tambayoyinku: In Gabanki Na Faɗuwa A Wajen Cinikin Mota

Satin nan saƙon da ya fi tsaya min a rai na wata baiwar Allah ne daga Kaduna, ga abinda ta rubuto:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 14 ina aiki, na haɗa kuɗin adashi da rabona na gidan mahaifinmu da aka sayar inaso in sayi sabuwar mota dal a leda don wlh na gaji da zaryar gareji. Matsalata bana iya ciniki, ko atamfa zan saya in aka ce kaza sai in biya, in na ce a rage sai inji kamar roƙo nake. Satin da ya wuce naje wani kamfani suka ce miliyan 31, mai sayarwar yana ta cewa ita kaɗai ta rage kuma dala zata tashi ranar Litinin, hannuna har rawa yake, da ƙyar na fito ban tura kuɗin ba. Yanzu kullum sai ya kirani. Ya zanyi?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku. Abu na farko, kin yi daidai da kika fito baki biya ba, kuma kiran da yake miki kullum ki fahimce shi da kyau, ai da akwai layin mutane suna jiran motar nan da bai ɓata katinsa a kanki ba. Shi ma yana da buƙata, yawancin masu tsayawa a ɗakin baje motoci akwai kason da suke samu akan kowace mota da ta fita ta hannunsu, so kinga ba ke kaɗai zuciya ke bugawa ba.

Na san wannan rawar hannun don na taɓa yinta. Motata ta farko, aka zaunar dani a ofis mai sanyi aka kawo lemo ana ta ce min Alhaji, sai naji kunya ta rufe ni, wai ya za'ai mutanen da suka karrama ni haka in tsaya ina musu ƙwaƙwa akan dubu ɗari biyu. Na biya yadda suka faɗa. Bayan kwana uku wani abokina ya shiga wajen nan, irin motar, aka rage masa kuma aka haɗa masa da lamba. Ba kuɗin ne suka fi ci min rai ba, sanin cewa ban ma buɗe baki na taya ba ne. Hausawa da suka ce rashin tayi ake barin arha basu yi ƙarya ba.

Kuma ki cire wa ranki cewa neman ragi roƙo ne. Manzon Allah SAW da kansa ya yi cinikin raƙumi da Jabir, kuma akwai sahabin da ya kawo ƙara cewa ana yawan cutarsa a ciniki, aka ce masa in zai yi ciniki ya ce babu yaudara. Wato mai rauni a ciniki yana da haƙƙin ya kare kansa, ba abin kunya bane.

Toh ga yadda nake ganin zaki yi, kuma yawancin aikin a gida zaki yi shi ba a gabansu ba. Tunda baki ke miki nauyi, ki maida cinikin rubutu. Ki tura saƙon WhatsApp ga dillalai uku ko huɗu, na Kaduna da Abuja da Kano, ki faɗi sunan motar da shekararta da ajinta, don mota ɗaya tana da mai giyar hannu da mai otomatik da mai kujerar fata kuma kuɗinsu ba ɗaya bane, sai ki ce su turo miki takardar farashi mai ɗauke da sunan kamfani. Ki ce jimla kike so, kuɗin da in kin biya zaki ja motar ki tafi gida. Wannan kalmar tana da muhimmanci sosai saboda nan ake kama mutane, a ce miliyan 31 ki amince, sai an zo biya kiji wai ban da harajin VAT, kuma VAT a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari, akan miliyan 31 ya haura miliyan 2 da dubu 300 fa. Sannan ga lamba da takardu da inshora da kuɗin kawowa in daga Legas za'a ɗauko ta. Inshorar nan ta dole da ake yi don wanda ka buga, naira dubu 15 aka maida ita tun farkon 2023, amma sabuwar mota irin wannan ni bazan baki shawarar ki tsaya a ita ba, ki tambayi kuɗin cikakkiyar inshora ki sa a lissafi tun yanzu.

In takardun sun zo hannunki ki zauna ke kaɗai bayan isha'i ki rubuta lamba biyu a takarda, wadda zaki fara tayawa da wadda ko me za'a ce bazaki haura ta ba. Ta biyun kar ki faɗawa kowa a wajen, ko an tambayeki nawa kika tanada ki ce ku dai faɗi naku na ƙarshe.

Ranar komawa ki tafi da mutum ɗaya, yayanki ko maigidanki ko wata ƙawa mai dakakkiyar zuciya, aikinsa ɗaya ne, in yaga kin fara zufa ya ce Hajiya mu je mu yi shawara. Kar ki kwashi mutum biyar, kowa zai kawo nasa ra'ayin ki ƙara rikicewa, kuma ki kula da ɗan rakiyar da zai zagaya ya karɓi la'ada a bayan idonki, yana faruwa sosai. In kin taya ki yi shiru. Wannan shirun shine mafi wahala ga irinmu, sakan goma sai kiji kamar awa, bakinki zai so ya ce toh shikenan na ƙara. Ki kalli takardarki, ki sha ruwa, ki barshi shi ya fara magana. In ya ce albarka ba faɗa bane, ki nuna masa farashin ɗayan kamfanin a wayarki.

Gaskiya kar ki sa ran ragi irin na kasuwar gwanjo, sabuwar mota ba'a raba kuɗinta biyu. Sau da yawa in sun ƙi sauka a kuɗi sukan yarda a wani wajen, su yi miki lamba, ko sabis na farko da na biyu kyauta, ko shimfiɗun ƙasa da abin kashe gobara. Duk abinda aka ce an baki a rubuta a takarda, harda garanti, shekara nawa ne ko kilomita nawa, kuma a wane gareji ake yinsa a Kaduna, don garantin da sai kin kai mota Legas sunansa wahala.

Ga wani abu da nake so ki duba da idonki. Ki tsuguna a jikin taya ki nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2423 yana nufin sati na 24 a 2023 aka yi tayar. In kinga motar da ake ce miki ta bana ce tayoyinta sun shekara biyu, toh mai yiwuwa ta daɗe a ajiye tana shan rana, batir ɗinta ma ya gaji, wannan hujja ce mai ƙarfi ta neman ragi ko a canja miki batir. Ki haɗa lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ki ga ta jikin mota da ta takarda iri ɗaya ce.

Maganar dala kuwa ba ƙarya ce zalla ba, tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023 farashin motoci ya yi ta motsi. Amma maganinta sauƙi ne, ki ce ya rubuta miki a takardar kwana nawa farashin zai tsaya. Sannan kuɗi a asusun kamfani zaki tura, kar ki tura na wani ma'aikaci ko da ya ce netwok ne ya ɗauke.

Sai wani ɗan uwa daga Kano yake tambaya: "Inada Corolla 2010, kamfani sun ce in basu ita in yi ciko, ya ka gani?"

Malam ka raba cinikin biyu. Ka fara gama na sabuwar kamar baka da wata mota, a sallama a rubuta, sannan ka ce toh nawa zaku sayi tawa. In ka haɗa su zasu rage maka a nan su cire a can kai kana murna. Kafin nan ka zaga da ita wajen 'yan mota biyu uku kaji tayinsu, Corolla ba ta kwantai a Kano, kana iya sayarwa da kanka ka fi samu ko bayan ka cire la'adar dillali.

Na ƙarshe wata ce take tambaya ko ta bada kafin alƙalami tunda bankinta basu gama amincewa ba, ta hanyar murabaha zata saya. Hajiya a tsarin murabaha irin na su bankin Jaiz, bankin ne yake sayen motar sannan ya sayar miki da ribar da kuka sani, don haka ki fara tambayarsu kafin ki ajiye ko sisi a kamfani, kuma ki yi cinikin ragin sosai don akan kuɗin da aka saya ake ɗora ribar. In dole sai kin bada wani abu a riƙe miki motar, ki bada kaɗan, a rubuta lambar shasin a rasit ɗin, a kuma rubuta ƙarara cewa za'a dawo miki da kuɗinki in bankin bai amince ba.